Tsaga Uku a Jikin Tagulla

Zuwa ga Yayana Isiyaku, makanikin Panteka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙane ke durƙusawa ya miƙa wa yayansa, ina rubuto maka daga Wheaton, a jihar Maryland, shekara ɗaya da wata bakwai bayan rasuwarka. Na san ko kana raye ba za ka karanta ba. Kaset muka saba aika wa juna, don ka ce rubutun boko barci yake sa ka. Amma wannan karon na roƙi shafi a takardar ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna Washington da kewaye, saboda maganar da zan yi maka ta riga ta zaga gidaje, kowa ya ƙara mata nasa. Gara su ji daga wurina.

Ka sha faɗa min idan zan ba ka labari in fara da abin da ya faru, in bar zancen yanayin gari. A makarantar koyon aikin jarida ma abin da suka shekara biyu suna koya mana ke nan. To ga shi. Ranar Asabar ta makon jiya na kai koriyar motar nan baje kolin tsofaffin motoci a Gaithersburg. Alƙalai sun duba ta, sun ga hannun totur ɗin da ka ƙera da tagulla, sun rage min maki biyar don ba na kamfani ba ne. Na zo na huɗu. Da ba a rage ba, da kofin yana kan teburina yanzu. Tun daga ranar mutane ke ce min in cire shi, kowa da dalilinsa. Ba zan cire shi ba.

Sauran wasiƙar bayani ne, don kai da kuma masu karatu da ba su san mafarin zancen ba.

Ka tuna zuwanka shekara uku da suka wuce, da bazara, lokacin da aka yi maka aikin yanar ido. An yi na dama, aka ce na hagu sai ya ƙara nuna. Kwana goma kana zaune a falo da baƙin tabarau kana jin haushin talabijin, kana tambayar matata Hajara ko a garin nan ba a sayar da goro ne. Na ga zaman zai ƙara maka ciwo, shi ya sa ranar Asabar na ce ka zo in kai ka kallon motoci. Ban yi maka wani bayani ba. Laifina na farko ke nan.

Da muka shiga filin ka tsaya cik. Motoci sun yi sahu-sahu a kan ciyawa har ƙarshen gani, kowacce an ɗaga mata bonet, mai ita yana zaune a gefe kan kujerar naɗewa da jarida ko gwangwanin lemo a hannu. Ka cire tabarau, ka sake mayarwa, ka ce: "Inna lillahi. Bala, duk waɗannan yau suka lalace?"

Kafin in buɗe baki ka riga ka naɗe hannun kaftaninka.

Ni na san dalili. A wurinka buɗaɗɗen bonet kukan neman taimako ne, kuma ba ka taɓa wuce shi ba. Ranar ɗaurin aurena mun isa Zariya an riga an shafa fatiha, saboda ka tsaya a Birnin Yero kana ɗaure wa wani mutum da ba ka taɓa gani ba fanbel. Da na yi ƙorafi ka ce ai aure ba ya bukatar ango a wurin, amma mota tana bukatar makaniki.

Ka nufi wani tsoho mai jar hular hana sallah da ke zaune kusa da wata baƙar mota ta kafin yaƙin duniya. Ka yi masa sannu, ka jajanta masa da Turancin gareji, sannan ka miƙa hannu za ka taɓa wayar fulogi. Tsohon ya zabura har kujerarsa ta kife. Akwai kwali a jikin gilashin da ke roƙon kada a taɓa, kamar yadda yake a jikin kowace mota a filin. Mutane suka juyo.

Zan faɗi abin da na yi, don ban taɓa faɗa maka ba. Na ji kunya. Na shiga tsakaninku ina ba tsohon haƙuri da Turancin ofis, kuma na ji bakina yana cewa kai baƙo ne daga ƙauye, ba ka san kan waɗannan abubuwa ba. Kaduna ba ƙauye ba ce. Kai kuma ka fi shekara talatin hannunka yana cikin inji, kuma da wannan hannun ka kai ni makarantar da na koyo Turancin da na yi maka ƙarya da shi. Ban san ko ka fahimci abin da na ce ba. Ba ka taɓa tayar da maganar ba, ni ma ban taɓa ba ka haƙuri ba.

Tsohon nan shi ne Mista Walter, tsohon ma'aikacin gidan waya. Da ya gane cewa ka ɗauka motarsa ta mutu ne ka zo taimako, ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce shekara ashirin yana zuwa irin wannan taro, ana yaba masa fenti, ba wanda ya taɓa tambayar sa ko yana bukatar hannu. Ya miƙa maka farin tsumma, ya tayar maka da injin, ya ja baya. Daga ranar ya zama Baba Walta a bakinka.

Mun zaga filin har la'asar. Ka ga madubin da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mota don a ga cikinta ba tsatsa. Ka ga wani ƙato yana goge noti da buroshin haƙori. Abin da ya fi ɗaure maka kai shi ne waɗanda aka kawo a kan tirela, aka sauke su a hankali, da yamma aka sake ɗora su ba su taka kwalta ba. Ka daɗe kana kallo, sannan ka ce: "Ashe Turawa ma suna jere. Matanmu da kwanuka, su da motoci. A goge, a jera, ba a ci a ciki."

Amma kada masu karatu su ɗauka raina su ka yi. Na gan ka tsaye gaban wata shuɗiya mai fiffike biyu a baya kamar an dasa ka. Ka roƙi mai ita ya buɗe ƙofa ya rufe har sau uku don kawai ka ji ƙarar. Ka nuna min yadda aka bar fili tsakanin injin da lagireto, hannu ya shiga ya fita da sufana ba tare da an kwance rabin mota ba, ka ce wanda ya zana wannan ya ji tsoron Allah, ya tuna da wanda zai gyara. Da sabon idonka ka ga abubuwan da ni na shekara huɗu ina zuwa ban gani ba. A hanyar gida, da muka kusa Rockville, ka ce da za a ba ka kwana uku a filin nan da izinin taɓawa, da ka yafe aikin ido na biyu.

A lokacin tawa motar tana gefen gida an lulluɓe ta da tamfol. Koriya ce mai farin rufi, ƙirar shekarun hamsin, nauyi kamar ƙaramar tifa. Na saye ta wurin wata tsohuwa da mijinta ya rasu, don ta yi kama da ta dillalin audugar nan da kake yi wa sabis muna yara. Ba ta zuwa aiki ba ce. Aiki bas nake shiga zuwa Silver Spring in hau jirgin ƙasa, tun da ramin jirgin da suke haƙawa a Wheaton har yau bai ƙare ba. Ta Asabar ce da Lahadi. Sai dai ta yi wata bakwai ba ta motsa ba, domin wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon yatsa ba, wanda ke haɗa sandar totur da kafireto, ya karye biyu. Kamfanin ya daina yin sa tun ban gama firamare ba. Na rubuta wa dillalan tsofaffin kaya wasiƙu a jihohi biyar, ina jiran amsa.

Da na nuna maka fayil ɗin wasiƙun, kowacce da kwafinta, ka kalle ni ka ce: "Bala Boko. Ƙarfe kake rubuta wa wasiƙa?"

Ka sauka ɗakin ƙasa ka tono wani tsohon kan famfo na tagulla da masu gidan na da suka bari. Ka aike ni in sayo zarto da magagari biyu, babba da ƙarami. Na kawo maka abin awo mai lambobi, ka ajiye shi gefe, ka karyo tsinke daga tsintsiyar da Hajara ta zo da ita daga gida, da shi ka auna karyayyen. Safiya uku ka yi a kan matakalar baya, ido ɗaya sabo ɗaya da yana, kana gogawa kana hurewa kana ɗagawa sama ka duba a rana. Maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko ɗan kunne kake yi wa matarka.

Rana ta uku ka huda shi, ka gwada, ka cire, ka ƙara goga sau biyu kacal, ka mayar. Kafin ka ɗaure noti na ƙarshe ka ɗauki ƙaramin magagarin ka yi masa tsaga uku a gefe. Ka ce duk abin da ya fito daga hannunka yana da su, don in ya karye a san wanda za a zaga.

Ranar Lahadi da hantsi na kai ka filin ajiye motoci na wata makaranta da ba kowa, na ba ka sitiyari, tun da ba ka da lasin ƙasar. Ka yi zagaye shida. Ka ce totur mai kyau kamar amsa sallama yake, kada ya yi nawa, kada kuma ya riga mai sallamar. Daga nan na karɓa muka gangara Georgia Avenue, gilashi a sauke, kana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Ka koma gida da kaka. Ba ka dawo aikin ido na biyu ba, ka ce ɗaya ya ishe ka ganin noti. Kaset goma sha ɗaya ka aiko min bayan nan, suna nan a akwati. A cikin kowanne, bayan sallama, tambayarka ta farko hannun totur ce, sannan Hajara, sannan yara, ni kuma a ƙarshe in kaset bai cika ba.

Hajara ce ta ɗauki wayar da aka bugo da labarin rasuwarka. Ina ofis ina gyara labaran rana. Kafin in iso gida an riga an kai ka makwancinka, kamar yadda ya kamata. Ban ga likkafaninka ba, ban zuba ƙasa ba. Da na je bayan wata biyu na tarar an raba kayan aikinka tsakanin waɗanda ka koya wa sana'a, kuma daidai ne, haka za ka so. Rumfarka wani mai walda ne a ciki. Na tsaya a bakin titi na ɗan lokaci, na wuce.

Da na dawo sai na faɗa wa motar. Na karanta littafin alƙalan gasa sau uku, na karanta littafin da kamfanin ya buga wa makanikansa tun daga bango har bango. Na san kalar da ya kamata kowane noti ya kasance, na san irin ɗinkin kujera na shekarar. Mista Walter ya tsaya min tsayin daka. Shi ya samo min mai fenti, shi ya koya min bambancin ƙyallin asali da na zamani. Bayan shekara guda da 'yan watanni babu abin da ya saura a jikin motar da ya saɓa wa littafi sai abu ɗaya.

Mako guda kafin gasar Mista Walter ya zo gidana da wani ɗan kwali da ya yi ruwan ƙasa don tsufa. Ya tuƙa mota har Pennsylvania, kasuwar tsofaffin kayan gyara, ya yini yana tonon akwatuna, ya samo hannun totur na asali, sabo fil, da takardar kamfani a naɗe da shi. Kyauta ya kawo min. Ya ce aikin minti goma ne: in sa wannan ranar Asabar, in ajiye naka a aljihun mota, ranar Lahadi in mayar. Ya ce ba wanda zai cutu, kuma kai da kanka za ka so in ci kofin.

Kwalin ya kwana biyar a kan teburina. Ba zan ɓoye maka ba, ranar Alhamis da yamma na ɗauki sufana na fita, na ɗaga bonet, har na ɗora ta a kan notin. A nan na tsaya. Abin da ake so in yi na gane shi, don na taɓa yin sa. In baƙi za su zo, a shigar da Yaya ɗakin baya, in sun tafi a fito da shi. Na yi maka haka sau ɗaya a kan ciyawar filin nan da bakina. Ban ga dalilin da zan sake yi da sufana ba.

Mista Walter ya kawo wata dabarar, wai in shafa masa baƙin fenti, alƙalai ba lallai su lura ba. Na gode masa. Na sayo man goge tagulla na goge shi har yana ɗaukar ido. Akwai katin da ake liƙawa a gilashi, mai gurbin rubuta duk wani canji da aka yi wa mota, wanda yawancin mutane ke alfaharin barin sa fari. Na sa nawa a tafireta na buga: hannun totur, tagulla, ƙirar hannu, Isiyaku, Panteka, Kaduna.

Alƙalai uku ne, da fararen huluna da allon rubutu. Babbansu ya karanta katin, ya kunna tocila duk da rana tsaka ce, ya sunkuya. Ya daɗe fiye da yadda ya daɗe a kan fenti. Ya tambaye ni da wane inji aka yanka, na ce da magagari, a kan matakala. Ya tambaye ni ma'anar tsaga ukun, na gaya masa. Ya miƙe ya ce aikin ya fi na kamfani tsafta, sannan ya rubuta ragin maki biyar. Na miƙa masa hannu muka gaisa.

Ina so a fahimce ni a nan, domin an ce wai na yi rigima da alƙalai, an ce wai don baƙar fata ce aka hana ni. Ba a yi ko ɗaya ba. Dokarsu a rubuce take, na karanta ta kafin in shiga, kuma tana da hujja: suna so wanda za a haifa nan gaba ya ga mota yadda ta fito ranar farko. Ina girmama wannan. Da sun yafe min don tausayi da na raina su. Sun yi aikinsu, na yi nawa. Su tarihin ranar farko suke tsarewa. Motata ta yi shekara talatin da wani abu bayan ranar farko, kuma a cikin waɗannan shekarun akwai safiya uku a kan matakalar bayan gidana.

Wanda nake da magana da shi namu ne. Ka san Injiniya Umaru, wanda ka yi wa laƙabi da Injiniyan Takarda bayan ya kawo maka motarsa tana ƙara ka ciro masa kwalbar jariri daga ƙarƙashin kujera. Ya zo kallo ranar da iyalinsa, ya karanta katin, ya wuce. Washegari a wurin suna a Silver Spring, gaban mutane, ya ce na tona mana asiri. Ya ce dama kallon 'yan faci ake yi mana, mu da muke nan muna fama mu nuna mun iya aiki bisa ƙa'ida, ni kuma na je na buga Panteka da manyan baƙi a gaban Turawa. Wasu suka gyaɗa kai. Ban amsa ba, don ba a rigima a gidan suna. Yanzu zan amsa, a gabanka.

Tun da aka tsuke bakin aljihu a gida kayan gyara suka daina shigowa, ina so Injiniya ya gaya mana da me ƙasar ke tafiya. Motar da ke kai masara kasuwa, janaretan asibitin garinsu, injin niƙan unguwarsu, tasin da ta kai shi filin jirgi ranar da zai taho neman digirinsa, ya buɗe cikinsu ya duba. Zai tarar da aikin mutane irinka, waɗanda ba wanda ya taɓa rubuta sunansu a kati. Faci shi ne ka ɗaure abu da waya ka yi addu'a. Ka kalli karyayyen ƙarfe ka gane abin da mai zanen ya nufa, ka sake haifar da shi daga kan famfo, awonsa bai kauce ko da kaurin gashi ba, wannan a duk littafin da na karanta injiniyanci ake kiran sa. Na san kunyar da Injiniya yake ji, don na ji irinta. Ba ta da wani amfani. Turawan da yake tsoro ma ba su ji ta ba, sun yi layi suna leƙawa, wani har ya tambaye ni ko Panteka kamfani ne da zai iya rubuta wa.

Amsar Injiniya ba ta ba ni wahala ba, Yaya. Ta Hajara ce ta hana ni sukuni.

Ita ba ruwanta da kofi. Ta ce in cire shi don shi kaɗai ne abin da ya fito daga hannunka da muke da shi a wannan ɓangaren teku. Ta ce tagulla tana cinyewa, in sa na Mista Walter a mota, naka a sa shi a gilashi a rataye a falo, yara su taso suna ganin sa, su nuna wa nasu. Ta faɗi haka tana ninke kaya, ba ta ɗaga murya ba, kuma ka san ita ma yayanta ne kai.

Gaskiya ta faɗa. Na auna da abin awon nan da ka ƙi amfani da shi. Hudar da yake juyawa a kai ta fara faɗi. Kaɗan ne, ido ba ya gani, amma ta fara. In na ci gaba da tuƙi, wata shekara, ban san wacce ba, zai yi sako-sako, wata rana kuma ya ƙare. In na rataye shi a falo zai fi ni daɗewa.

Na yi kwanaki ina juya maganar. Abin da ya yanke min ita muryarka ce a filin nan, kana kallon motocin da ake saukewa daga tirela. Ba ka zauna safiya uku da ido ɗaya don ka yi mana kayan jere ba. Ka yi masa tsaga uku ne don in ya karye a san wanda za a zaga, wato ka san zai yi aiki har ya gaji, kuma ka yarda. In na sa shi a gilashi zan adana tagulla in kashe abin da ka ƙera. Na gaya wa Hajara haka. Ta ce duk gidanmu taurin kai ne, har wanda ya mutu. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma na ga ta ɗauki hotonsa da kyamara ta sa a cikin kundin hotunan yara. Ban hana ta ba.

Kwalin Mista Walter na mayar masa da hannu biyu. Na ji tsoron zai ji haushi. Ya juya shi a hannu, ya ce akwai wani a Virginia da motarsa ta shekara biyu a tsaye don rashin wannan ƙarfen, zai aika masa. Ya ce in gaishe ka in na je kabarinka, in ce har yanzu kai kaɗai ne ka taɓa yi masa sannu.

Magagarin nan naka biyu suna nan a ɗakin ƙasa, na shafa musu mai. Akwai kuma wani kan famfo ɗan'uwan wancan. Ranar da naka ya ƙare zan zauna a kan matakala in gwada. Na san zai fito a karkace, na san zan ɓata uku kafin in samu ɗaya, kuma ba zan yi masa tsaga uku ba don alamarka ce, ba tawa ba. Amma ba zan sake rubuta wa ƙarfe wasiƙa ba.

Da bazara za a sake taruwa, kuma zan je. Zan tuƙa ta da kaina tun daga ƙofar gida, in ɗaga bonet, in liƙa katin nan da sunanka. Za su rage biyar, zan miƙa hannu mu gaisa. Duk wanda yake jin kunyar kalmar Panteka ya bi ta wani sahun, filin yana da faɗi.

Ka yafe min abin da na faɗa a kanka ranar da na kai ka filin nan. Na daɗe ina neman inda zan ajiye wannan roƙon, ban samu ba sai a nan, gaban mutane, kamar yadda na yi laifin gaban mutane.

Jiya Lahadi na fita da ita da hantsi, ni kaɗai. Daga Wheaton na bi hanyar da muka bi, gilashi a sauke. A kan gangaren nan da ka ce in ƙara mata wuta na ƙara, ta amsa, ba ta yi nawa ba, ba ta riga ni ba. Ni ke takawa, kai ke ja. Haka za mu ci gaba har iya kwanan da Allah ya ɗibar wa tagullar.

Allah ya jiƙan ka, Yaya. Allah ya haskaka kabarinka fiye da yadda likitoci suka haskaka idonka. Duk matafiyin da ka tsaya wa a bakin hanya, Allah ya sa ya zama shaida a gare ka ranar da kowa zai tsaya yana jiran mai taimako. Allah ya raya abin da ka bari, ya haɗa mu a inda ba abin da ke lalacewa.

Hajara da yara suna gaishe ka. Hannun totur yana lafiya.

Ƙaninka,
Bala Boko